Bular Muhtari Mai Wanki

Bayan tashar motocin Shinkafi da ke Kaura Namoda akwai wata rumfar kwano mai ƙafa huɗu, da baho uku, da igiyar shanya da aka ɗaura daga jikin dalbejiya zuwa wani turke. Nan Muhtari mai wanki ya shekara talatin da huɗu. Wanda bai san shi ba, hannunsa zai fara gani. Yatsun sun tattare saboda ruwa, faratan sun cinye, bayan hannun kuma duk tabon gawayin dutsen guga ne.

Mutumin Badarawa ne, can ƙasar Shinkafi. Cin rani ya kawo shi Kaura yana saurayi, ya raɓu da wani tsoho da ke wanki a wannan rumfar, ya koya. Da tsohon ya rasu sai baho da dutsen guga suka zama nasa. Shekaru da yawa yana raba ƙafa: damina yana gona a Badarawa, gero da dawa, rani yana bakin baho. Daga baya 'yan bindiga suka hana zuwa gonar. An kashe maƙwabcinsa na gona a kan kunya, da fartanya a hannu. Muhtari ya kwaso matarsa Mariya, ya kama ɗaki biyu a Kaura, bai sake shuka ko ƙwaya ɗaya ba. Tun daga nan wanki ne abincinsa, ba shi da wani.

Ba ya cikin masu yawan magana. In ka kawo kaya zai zazzage su, ya duba aljihu, ya ce, "Alhamis." Ranar Alhamis kuwa za ka same su a ninke. Abin da aka san shi da shi fararen kaya ne. Ruwan da 'yan ga-ruwa ke kawowa yana da ja-ja, in aka wanke farar shadda da shi sau uku sai ta koma kalar koko. Maganin wannan bula ce, garin nan mai shuɗi da ake zubawa a ruwan ɗauraya na ƙarshe. In ta yi kaɗan riga ta fito ja-ja, in ta yi yawa riga ta fito shuɗiya. Muhtari bai taɓa auna ta da cokali ba. Yakan barbaɗa da yatsa uku, ya motsa, ya tsoma gefen riga ya ɗaga ta ga rana, ya ƙara ko ya bari. Direbobin tasha, da 'yan kasuwa, har da wasu malaman makaranta, duk rigar Juma'arsu daga igiyarsa take fitowa. Akwai lokacin da ranar Laraba igiya uku ba ta isarsa.

Sai kaya suka fara raguwa. Ba rana ɗaya ba, a hankali. Wanda ke kawo riga huɗu ya koma kawo wando da 'yar ciki masu kala. Wani ya daina zuwa gaba ɗaya, amma in sun haɗu a masallaci zai gaishe shi da hannu biyu, ya tambayi iyali, ya ce, "Sai na leƙo, Malam." Ba ya leƙowa. Muhtari ya ɗora laifin a kan samarin da suka buɗe shago da injin wanki da janareta a bakin titi. Ya ce mutanen yanzu ƙarar inji suke biya, ba tsabta ba.

Babu wanda ya gaya masa gaskiya. Mutum ne mai furfura, ya wanke rigar auren wasunsu, ya wanke ta iyayensu. Wa zai tsaya gabansa ya ce aikinsa ya lalace? Sauƙin abin shi ne a ɗauke kaya a kai wani wuri, a ci gaba da gaisuwa. Mariya ce kaɗai ta taɓa magana, wata Juma'a da ya sa tasa rigar zai fita.

"Malam, wagga riga ba ta sha bula da yawa ba kuwa?"

Ya dubi hannun rigar. Fara ce tas a idonsa. Ya ce, "Ke da tukunya, ni da baho. Na taɓa ce miki miya ta yi gishiri?"

"Kullum kana cewa."

Ya sa takalmi ya fita. Ba ta sake tayar da maganar ba.

Cikin manyan masu kawo kaya saura mutum ɗaya, Alhaji Zubairu, mai motoci biyu da ke jigilar Kaura zuwa Shinkafi. Shi ne ke tara rigunansa da na ƙannensa da na direbobinsa ya aiko a ƙunshi ɗaya. Wannan ƙunshin ne ke ciyar da gidan Muhtari daga mako zuwa mako, kuma Muhtari ya san haka.

Wata Laraba cikin bazara Alhaji ya zo da kansa, da babbar riga a leda. Farar shadda ce mai tsada, sau ɗaya ya sa ta, miya ta ɗiga a gaban. Ya ce jibi Juma'a za a ɗaura auren ɗiyar ƙanensa a Zurmi, shi ne waliyyi, motoci za su tashi da hantsi don a isa kafin masallaci.

"Malam Muhtari, a bi ta a hankali," in ji shi. Ya yi kamar zai ƙara wani abu, sai ya fasa.

Muhtari ya ba rigar rabin yini ita kaɗai. Ya cire tabon miyar, ya wanke, ya ɗauraye. Da ya zo kan bula ya barbaɗa, ya tsoma, ya ɗaga ga rana. Ya ga da sauran ja-ja, ya ƙara. Ya sake ɗagawa, ya sake ƙarawa. Sannan ya sa sitati, ya shanya, washegari ya goge ta har tana ɗaukar ido. Shi kansa ya ji daɗin aikin.

Ranar Alhamis bayan la'asar Alhaji ya dawo daga kasuwar Shinkafi, ya biyo ta rumfa. Ya buɗe ledar, ya warware rigar, ya tsaya yana kallonta. Ya daɗe.

"Malam Muhtari, rigar da na kawo maka fara ce."

"Ga ta nan fara, Alhaji."

"Wagga?"

"Ita."

Alhaji ya sauke numfashi. Ya rage murya don kada masu wucewa su ji. "Wallahi ina jin nauyinka. Shekara biyu ke nan ina karɓar kaya haka, ina ba yara su sake ɗaurayewa a gida, ban taɓa ce maka komi ba. Amma gobe gaban mutane zan zauna. In na sa wagga, cewa za a yi rini na kai ta."

Muhtari ya karɓi rigar ya ɗaga ta ga rana. Ya juya ta. Ya duba wuya, ya duba hannu. Fara ce. Ransa ya ɓaci, amma muryarsa ba ta tashi ba.

"Alhaji, in wani wuri kake son kai kayanka, kai abinka. Ba sai an yi wa aikina ƙazafi ba."

"Ban zo faɗa ba," in ji Alhaji. "Na bar ta nan. Gobe da safe in na zo, in ta yi fari in sa, in ba ta yi ba in sa tsohuwa. Amma daga nan sai dai mu riƙa gaisawa."

Ya tafi.

Jikin rumfar Muhtari akwai ta Abbati mai fentin mota. Abbati ɗan gwaggonsa ne, taubashinsa, saboda haka tun suna yara ba sa magana sai da tsiya. Duk abin da aka yi a kunnensa aka yi. Ya ajiye gwangwanin da ke hannunsa, ya goge yatsu a wando, ya leƙo.

"Bawana, an kama ka ke nan."

"Tahi ka ji da tsatsarka."

"Ni na daɗe da ganin tutocin da kake shanyawa. Na ɗauka wata ƙungiyar ƙwallo ce ta ba ka kwangila."

"Abbati, yau ba ni da lokacinka."

Abbati ya ga fuskarsa, ya bar wasan. Bai yi gardama da shi a kan rigar ba. Ya koma rumfarsa ya yago gefen kwali, ya huda ramuka biyu da ƙusa, kowanne kamar faɗin kwabo, kusa da juna. Ya ce wa Muhtari ya juya baya. Ya shimfiɗa wasu abubuwa a kan teburin guga, ya rufe su da buhu, ya bar wuri kaɗan, ya ɗora kwalin a kai.

"Juyo. Dibi ramukan ga, ka gaya mini mi ka gani. Kada ka taɓa."

Muhtari ya sunkuya don a rabu da shi. Ba ya ganin komai sai ɗigo biyu a cikin kwali.

"Na dama fari ne."

"Na hagu fa?"

"Shuɗi-shuɗi ne. Kamar ledar nan ta 'yan tumatir in ta koɗe."

"Ka tabbata?"

"Ina da ido, Abbati."

Abbati ya ɗage kwalin, ya janye buhun. A dama takarda ce, sabuwa, daga littafin rasit ɗinsa. A hagu rigar Alhaji ce.

Muhtari ya tsaya. Abin da ya fi tayar masa da hankali ba shuɗin ba ne. Yana kallo, da rigar ta bayyana gaba ɗaya, da wuyanta da aikin zarenta da ninkin da shi ya yi mata, sai shuɗin ya janye, ta koma fara a idonsa. Ya karɓi kwalin da hannunsa ya mayar. Shuɗi. Ya ɗage. Fara. Ya yi haka sau huɗu. Sannan ya zauna a kan bahon da ke kife.

"Sihiri ka yi mini?"

"Da na iya sihiri da fenti nike yi?" Abbati ya jawo benci ya zauna kusa da shi. "Ni ma haka ta taɓa yi mini. Mutum ya kawo mota an goge mata ƙofa, ka tambaye shi kalarta, ya ce fara. Kai ma ka dube ta, fara. Ka buɗe farin fenti ka shafa, sai ƙofar ta fito kamar an manna takarda, don motar ta daɗe da komawa kalar kamu, ba wanda ya lura. Mai ita ya san fara ya saya, to fara yake gani. Wani tsohon mai fenti a Gusau ya koya mini leƙe ta rami. In ido bai san mi yake kallo ba, sai ya faɗi gaskiya. In ya sani, abin da ya sani yake faɗi."

"Shekara talatin ina ganin daidai."

"Da kana gani. Yanzu dibi nan." Abbati ya kama haɓarsa ya juya fuskarsa ga haske, kamar mai duba akuya a kasuwa. "Ga shi nan, hazo-hazo cikin ƙwayar. Yanar ido ce ta fara maka, irin ta Inna, gwaggonka. Ita ma kafin a yi mata aiki komi ja-ja take ganinsa, shuɗi kuwa sai ya yi yawa take gane shi. Kai kana ganin ja-ja kana ƙara bula, bula na yawa ba ka gani, kanka kuma na ce maka ai farar riga ce. Ku biyu kun haɗu kun rina wa Alhaji riga."

Muhtari ya ture hannunsa. Ya dubi igiyar shanya, ya tuna mutanen da suka daina zuwa, ɗaya bayan ɗaya, da yadda suke gaishe shi da hannu biyu. Shekara biyu yana zagin injin wanki.

"Kai ma ka gani ka yi shiru," ya ce.

"Na yi shiru," in ji Abbati. Wannan karon bai yi dariya ba. "Na ce in na faɗa za ka ce tsiyar taubashi ce. Ban kyauta ba."

Rana ta yi ƙasa. Muhtari ya tashi, ya naɗe rigar, ya sa a leda. Bula tana fita in an bi ta da ruwan zafi da sabulu da ɗauraya mai yawa, wannan ya sani. Abin da bai sani ba shi ne yadda zai gane ta fita, tunda idon da zai tambaya shi ne ya yi ɓarnar. Abbati ya ce zai tsaya ya duba masa. Muhtari ya ce a'a, akwai wadda ta riga shi faɗa.

Ya sayi ruwa jarka shida wurin mai kurar ruwa, ya sa aka bi shi da su gida, shi kuma ya ɗauki baho ɗaya a ka. Mariya tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ga baho, ta ga jarkoki, ta ga fuskarsa.

"Lafiya, Malam?"

Ya ciro rigar ya warware a gabanta. "Wace kala ce wagga?"

Ta dube shi, ta dubi rigar. "In faɗi, ko in ji da tukunyata?"

"Faɗi."

"Shuɗiya ce. Ba can ba, amma shuɗiya ce."

"To ɗora mini ruwan zafi. Kuma ki zauna nan kusa, ke za ki ce ta yi."

Mariya ta ajiye rariya. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta hura wuta, ta ɗora babbar tukunya, ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna a bakin bahon.

Ya jiƙa rigar a ruwan zafi, sitatin ya saki. Ya saɓa ta da sabulu, yana murzawa a hankali don kada zaren aikin ya tashi. Ya ɗauraye, ya matse, ya ɗaga.

"Da saura," in ji ta.

Ya zubar, ya sake. Ruwan da ke gangarawa ta magudana ita tana ganin shuɗinsa, shi yana ganin ruwa kawai.

"Da saura. Wajen wuya ya fi."

A ɗauraya ta huɗu bayansa ya riƙe, ya miƙe da ƙyar yana dafe da ƙugu. Ta ce ya kawo ta karɓa. Ya ce shi ya zuba, shi zai cire. A ta shida ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da farin kwanon sha, ta kara a jikin rigar, ta kai su bakin ƙofa inda sauran haske yake.

"Ta fita. Amma yanzu ta ɗan yi ja-ja, tana son bula kaɗan."

Hannunsa ya tafi ga ƙullin bular da kansa. Ta riƙe ƙullin.

"Ba da yatsa ba."

Ta samo murfin kwalbar lemo, ta ɗebo rabi, ta zuba a ruwa ta motsa. A idon Muhtari ruwan bai canza ba ko kaɗan, kamar ba a sa komai ba. Duk jikinsa yana ce masa a ƙara. Ya tsoma rigar, ya juya ta, ya ɗaga.

"Ta yi," in ji Mariya.

"Ba ta yi ba. Ja-ja nike gani."

"Malam, ka ce ni zan ce."

Ya tsaya da rigar tana ɗiga a hannunsa. Aka kira magariba. Ya sa sitati, ya shanya ta a igiyar tsakar gida, ya yi alwala ya fita.

Zafin bazara ya busar da ita kafin asuba. Da gari ya waye ya kai ta rumfa, ya hura gawayi, ya yayyafa ruwa, ya goge. Yana ninkewa yana jin kamar zai miƙa wa mutum aikin da bai gama ba.

Alhaji Zubairu ya zo da hantsi, mota cike da 'yan ɗaurin aure tana jiransa a bakin titi. Ya warware rigar, ya fita da ita daga inuwar rumfa, ya duba gaba, ya duba baya. Ya cire tsohuwar da ke jikinsa, ya zura wannan a kan 'yar ciki, ya gyara kafaɗa. Sannan ya miƙa wa Muhtari tsohuwar.

"Wagga ma a yi mata irin haka. Sauran na nan zuwa Laraba."

"Alhaji," in ji Muhtari, "idona ne. Yanar ido ce. Da ka faɗa mini tun bara."

"Da na faɗa, da ka ji?"

Muhtari ya yi tunani. "Da ban ji ba."

Mako biyu bayan haka ya je asibiti, aka haska idon, aka ce yanar ta kama duka biyun, ta dama ta fi, sai an yi aiki a Gusau. An rubuta sunansa, an ce a jira. Har yanzu yana jira.

Bai zauna jiran ba. Ya bi mutanen da suka daina zuwa, gida-gida da shago-shago. Ba ya dogon bayani. Yakan ce, "Na ɓata maka riguna da bula, ban sani ba. Kawo in cire, ba ko kwabo." Wasu suka ce haba Malam, ba komi, suka gaishe shi da hannu biyu, ba su kawo ba. Wasu sun riga sun ba da rigunan. Mutum bakwai suka kawo, cikinsu huɗu suka ci gaba da zuwa.

Fararen kaya yanzu a gida yake ɗauraye su, rabin murfi a baho ɗaya. Ranar Laraba da rana za ka same shi a tsakar gida yana ɗaga riguna ɗaya bayan ɗaya, Mariya na zaune a bakin ƙofar ɗaki da tiren wake a cinya tana tsincewa. Takan ɗago kai ta ce, "Ta yi," sai ya shanya. Wani lokaci ta ce, "Sake." Sai ya mayar da ita cikin ruwa.